Shin Ko Kun San? Ɓeran Ɗakin Gwaji da Gyambon Cikin Manomi

Shin ko kun san kafson Indocid da ake buɗewa a barbaɗa a kan busasshen kifi ko guntun tuwo, a ajiye wa ɓera a lungun sito, asalinsa maganin ciwon gaɓoɓi ne na mutane? Sunansa a asibiti indometasin, kuma kamfanin Merck na Amurka ne ya fitar da shi a shekarun 1960. Masu ajiyar buhunan masara da dawa, daga Ɗandume har Bakori, ba baƙi ba ne a wurin wannan dabara: ɓera ya ci, ya kwana biyu yana jan jiki, a wayi gari a share gawarsa. Likitocin dabbobi a Jami'ar Ibadan sun taɓa feɗe ɓerayen da suka ci maganin don su ga abin da ke kashe su, sai suka tarar tumbi da hanji sun cika da gyambo, jini yana tsiyaya. Olsa ce ajalin ɓeran.

To, shin ko kun san da wannan ƙwayar dai ake jawo wa ɓeraye olsa da gangan a ɗakunan gwaje-gwaje, har da na jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato, idan ana so a auna ko wani magani na iya kare ciki? Ita da asfirin da barasa tsantsa su ne manyan kayan aikin.

Dalilin da ya sa na fara da ita ke nan: indometasin 'yar gida ɗaya ce da daikulofenak da ibufurofen da firoksikam, wanda aka fi sani da Feldene. Waɗannan su ne jigon haɗin gajiya. Ku tsaya a bakin kemis a Funtuwa ko Malumfashi bayan magariba, lokacin firi ko tsinkar auduga, ku saurara. "Likita, a haɗa min na jiki, gaɓoɓina duk sun sake." "To Baba, na nawa za a haɗa?" Sai a ɓallo ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban a ƙulle a leda. Sau da yawa biyu ko uku daga ciki duk dangin juna ne, sunan kamfani kawai ya bambanta. A haɗiye tun ba a ci tuwon dare ba, gobe da asuba a ƙara kafin a saɓa fartanya. Ɗalibin da ke son ya ga gyambo a cikin ɓera, abin da yake yi ke nan: ya hana shi abinci, ya ɗura masa irin wannan magani a kan yunwa.

Shin ko kun san sai a 1971 aka gano yadda waɗannan ƙwayoyi ke yi wa ciki ɓarna, alhali asfirin yana kasuwa tun 1899? John Vane na Landan ne ya gano, da huhun ɓeran Masar ya yi aikin. Jiki yana ƙera wani sinadari, furostagilandin, wanda ke kai saƙon ciwo da kumburi. Shi ne kuma ke sa tumbi ya fitar da yauƙin da ke shafe bangonsa, ya kuma buɗe wa jini hanya. Maganin gajiya yana toshe sinadarin gaba ɗaya: ciwon baya ya kwanta, yauƙin ma ya janye, ruwan tsamin ciki ya samu fata tsirara. An ba Vane kyautar Nobel a 1982.

Shin ko kun san yadda ake gwajin kansa? Ana samo fararen ɓeraye masu jajayen ido, galibi jinsin Wistar, wanda aka fara kiwo a Filadelfiya ta Amurka a 1906. Kowane kan yi nauyin giram 150 zuwa 200. A raba su rukuni-rukuni, biyar-biyar ko shida-shida, a shafa wa kowa alama a wutsiya. A hana su abinci awa 24, ruwa kawai, a keji mai raga a ƙasa, domin ɓera idan yunwa ta matsa masa kashinsa yake ci, ya ɓata lissafi. Washegari rukunin farko a ba shi ruwa zalla. Na biyu a ba shi maganin da aka riga aka yarda da shi, kamar omefrazol. Sauran a ba su abin da ake son gwadawa, wasu kaɗan, wasu matsakaici, wasu da yawa, ta wani siririn bututun ƙarfe mai dunƙulallen baki da ake zurawa ta maƙogwaro. Bayan rabin awa ko awa guda, kowa a ɗura masa kimanin mililita ɗaya na barasa tsantsa. Awa ɗaya ta isa. A kashe su da maganin barci, a ciro tumbin, wanda bai fi yatsa tsawo ba, a tsaga shi ta gefe mai lanƙwasa, a wanke da ruwan gishiri, a shimfiɗa a kan allo a kafe da allurai. A cikin na rukunin ruwa zalla za ka ga dogayen zane ja-ja, wasu har sun yi baƙi, suna bin ninkin fatar. Ɗalibi ya ɗauki tabarau mai ƙara girma da ruler mai milimita, ya auna kowane zane, ya tara, ya raba. Wanda zanensa ya fi ƙaranci, maganinsa ya ci jarrabawa.

Ku lura da abu guda a nan, don shi ne ƙashin bayan zancen. Ɓeran ya sha magani ne kafin a ji masa rauni. Manomin Kafur kuwa sai ya shekara uku yana fama da zafin ciki sannan yake neman magani. Tambayar da aka yi wa ɓera daban, wadda mara lafiya yake yi daban.

Shin ko kun san ɓera ba ya amai? Duk abin da aka ɗura masa ya zauna ke nan, shi ya sa masu gwaji ke son sa. Ba shi da jakar matsarmama kuma.

Tumbinsa ma kashi biyu ne. Rabin sama farar fata ce marar fitar da ruwan tsami, wurin ajiye abinci kawai, kuma ɗan Adam ba shi da irinta. A 1945 wani likita a Filadelfiya, Harry Shay, ya fito da dabarar ɗaure mafitar tumbin ɓera da zare, ruwan tsami ya taru ya rasa hanya har ya ci bango. Har gobe ana amfani da dabarar, musamman don auna yawan ruwan da ƙarfin tsaminsa. Sai dai mafi yawan gyambon da take haifarwa a wannan farar fatar yake fitowa, wurin da mu ba mu da shi.

Shin ko kun san an taɓa ɗura wa ɓeraye tafasasshen ruwa, cikinsu bai nuna ƙuna ba? André Robert ne ya yi a 1979, a kamfanin Upjohn da ke Kalamazu ta Amurka. Ya fara ba su ɗan mitsitsin furostagilandin, sannan ya bi su da barasa tsantsa, ko asid, ko ruwan soda mai ƙarfi, ko ruwan gishiri mai kauri, ko ruwan zafin. Waɗanda suka samu sinadarin sun tsira, alhali ruwan tsamin cikinsu bai ragu ba. Daga nan aka fahimci ana iya kare ciki ta hanyar ƙarfafa bango. Amma shi Robert ɗin ya sake gano abin da ya kamata duk ɗalibin da ke gwada sassaƙe ya rubuta a bangon ɗakinsa: idan ka fara ba ɓera wani abu mai ɗan yaji ko ɗan ƙuna, ko da barasa ce mai ruwa-ruwa, tumbinsa yakan zabura ya kare kansa, sai babbar gubar ta zo ta tarar an shirya. Ma'ana, ganyen da ba shi da wani sirri face yana ɗan tsokanar ciki, shi ma yana iya cin wannan jarrabawa.

Shin ko kun san itatuwan da ke bakin gonakinmu da yawa sun riga sun shiga cikin ɓera? A 2005 masu bincike na cibiyar harhaɗa magunguna ta ƙasa da ke Idu, Abuja, sun wallafa cewa jiƙon saiwar sabara ya rage gudawa da gyambon ciki a ɓeraye. A Indiya an gwada ɓawon darbejiya, aka ga yana rage ruwan tsami, har an ɗan taɓa gwada shi a kan mutane ƙalilan. An gwada bagaruwa, an gwada zogale, an gwada maɗaci. Ita bagaruwa bayaninta a fili yake ga duk wanda ya taɓa leƙa majema: sinadarin da ke ƙanƙame fatar akuya a kwatarniyar jima shi ne ake ganin yana ƙanƙame saman tumbi ya yi masa rufi na ɗan lokaci. Ba na raina wannan aiki. Kakanninmu ba da ka suka zaɓi waɗannan itatuwa ba, kuma sai da ɓera ake fara sanin inda za a dosa. Abin da ke damuna shi ne yawancin binciken a nan yake tsayawa. Ɗalibi ya samu digirinsa, kundi ya hau kanta, sabon ɗalibi ya zo ya ɗauki wani icen ya maimaita.

Shin ko kun san abin da ake ba ɓera ba cokali ɗaya a kofin shayi ba ne? A ce an ba shi miligiram 400 na busasshen tataccen magani a kan kowane kilo na nauyinsa, wanda ba baƙon adadi ba ne a irin wannan aiki. Ƙa'idar juya lissafi zuwa mutum ita ce a raba da 6.2. Mai nauyin kilo 60 zai buƙaci kusan giram 4 na tataccen, a sha guda. In kuma sai an jiƙa giram goma na gari ake samun giram ɗaya na tatacce, to giram 40 ke nan na garin sassaƙe. Wa ya auna abin da hakan zai yi wa hanta da ƙoda in an yi wata shida ana sha? Gwajin gubar da aka fi yi a jami'o'inmu shi ne na Bajamushe Lorke, na 1983: dabbobi tara a zagayen farko, a ba su miligiram 10 da 100 da 1,000, sai uku ko huɗu a zagaye na biyu, a zuba musu ido awa 24. Yana faɗa maka abin da zai kashe nan take ne kawai.

Kada a ce na ɓata ɓera. Kusan duk wata ƙwayar olsa da ke kantar kemis ta cikinsa ta biyo.

Shin ko kun san kafin 1976 babban maganin olsa mai tsanani wuƙar likita ce? A yanke jijiyar da ke zuga tumbi, ko a yanke wani sashe na tumbin a yar. James Black, ɗan Sikotilan, ya fara farautar ƙwayar da za ta rufe famfon ruwan tsami a 1964, a kamfanin Smith Kline & French da ke Ingila. Ma'auninsu ɓera ne a sume, an ratsa ruwa ta tumbinsa ana auna tsamin da ke fitowa. Shekara huɗu, sinadarai wajen 200, babu ko ɗaya. Da aka fara dacewa, na farko ba shi da ƙarfi in an haɗiye, na biyu ya karya fararen ƙwayoyin jinin wasu marasa lafiya. Na uku shi ne simetidin, wanda ya shiga kasuwa da sunan Tagamet, ya zama maganin farko a tarihi da cinikinsa ya haura dala biliyan ɗaya a shekara. Black ya karɓi Nobel a 1988. Ƙanen simetidin, wato ranitidin, ya fito a 1981, ya yi zamani, sannan a 2020 aka janye shi daga kasuwannin Amurka da Turai saboda wani gurɓataccen sinadari da ake zargi da jawo ciwon daji. Wanda ke da ragowarsa a akwati ya san da wannan.

Shin ko kun san saura ƙiris kare ɗaya ya hana duniya omefrazol? Kamfanin Astra na Suwidin ne ke aikin. Wani magabacin maganin ya kumbura wa dabbobi halittar nan ta wuya mai zama maƙoƙo, aka ajiye shi. Na bayansa kuma aka ga wasu karnukan gwaji sun kamu da ciwon jijiyoyin jini a hanji, hankali ya tashi. Da aka bi salsala sai aka tarar karnukan da abin ya shafa zuriyar wani kare ne guda mai suna Fabian, matsalar ta jininsu ce. An haɗa omefrazol a 1979. A 1984 aka dakatar da gwajinsa a kan mutane gaba ɗaya, don ɓerayen da suka yi shekara biyu suna shan mai yawa sun fitar da ƙari a tumbi. Sai da aka nuna cewa duk abin da ya ƙafar da ruwan tsamin ɓera tsawon rayuwarsa yana jawo masa haka, ko wani magani ne ko tiyata, sannan aka ci gaba. Ya fito a 1988 da sunan Losec. Ɓera yakan yi ƙarar ƙarya kamar yadda yakan yi shedar zur.

Shin ko kun san maganin da ake ba mai haihuwa don tsayar da zubar jini, misofrostol, an ƙera shi ne don olsa? Kwaikwayon furostagilandin ne, Amurka ta amince da shi a 1988 don kare cikin masu shan maganin gaɓoɓi. Sai aka lura yana matse mahaifa. A 2006 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi masa rajista don zubar jinin bayan haihuwa, kuma a ƙauyukan kewayen Zariya aka gwada raba shi ga masu haihuwa a gida, tare da ungozomomi. Saboda wannan matsewar, mai juna biyu ba ta shan sa don ciwon ciki ko kusa.

Yanzu ga babbar.

Shin ko kun san duk waɗannan shekaru da aka kwashe ana ɗaure tumbin ɓera ana ɗura masa barasa, babban mai laifin yana gefe ba a gan shi ba? Ƙwayar cuta ce mai murɗaɗɗen jiki, Helicobacter pylori, da ke zama a ƙarƙashin yauƙin tumbi. Tun 1893 wani ɗan Italiya, Bizzozero, ya ga irinta a cikin karnuka, ba wanda ya kula, don an yi imani babu abin da zai rayu a cikin wannan tsami. Robin Warren da Barry Marshall, a birnin Fas na Ostireliya, su suka raya ta a faranti a 1982, shi ma don hutun Ista ya sa an manta farantan a na'ura kwanaki fiye da ƙa'ida. Aka ce su nuna tana sa cuta. Marshall ya ba 'ya'yan alade, ba ta kama su ba. A 1984 ya kaɗa ta a kofi ya shanye. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, bakinsa ya yi wari, na'urar leƙa ciki ta nuna tumbinsa ya kumbura. Nobel ta zo musu a 2005. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka samu dabbobin da take kamawa yadda ake so: wani ɗan ɓeran jeji na Mongoliya, wanda Japanawa suka nuna a 1998 tana kai shi har ciwon daji, da wani nau'in ƙwayar da aka saba wa ƙananan ɓeraye a Sidni.

Me wannan ke nufi a Ƙanƙara? Jiƙon da ya kare ɓera daga barasa bai ce komai ba game da wannan ƙwaya, don farin ɓeran ba ya ɗauke da ita. Omefrazol ma shi kaɗai ba ya kashe ta. Yana kwantar da zafi, gyambo ya rufe, a daina sha, bayan wasu watanni ya dawo, a ce olsa ba ta warkewa. Tana warkewa. Ana haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla iri biyu, kwana 10 zuwa 14 ba fashi, bayan an yi gwajin bahaya ko na numfashi an tabbatar tana nan.

Shin ko kun san a Arewa aka fara ɗaga wata tambayar da ta rikita masana? Wani likitan Ingila, Holcombe, da abokan aikinsa sun auna jinin mutane a yankin Maiduguri, suka samu fiye da kashi 80 cikin ɗari na ɗauke da alamar ƙwayar, yawanci tun suna yara. A 1992 ya rubuta cewa abin mamaki ne a ce ƙwayar ta yi yawa haka a Afirka amma olsa da ciwon dajin tumbi ba su kai na Turai ba. Daga baya wasu suka mayar masa da martani: da na'urorin leƙa ciki suka yawaita, an ga gyambon yana nan, mai dubawa ne babu.

Wannan kuma ta masu injin surfe ce. Shin ko kun san wani likitan fiɗa, Frank Tovey, wanda ya yi aiki a Maiso ta Indiya, ya kwashe shekaru yana bin taswirar olsa da abincin mutane? A 1975 ya tattara rahotannin asibitocin Afirka, ya ga gyambon bakin hanji ya fi yawa a kudancin Najeriya, ƙasar rogo da doya, a kan filayen Arewa. Ya koma kan ɓeraye yana ciyar da su abincin yankuna daban-daban. Farar shinkafa da tataccen garin alkama ko masara ba su kare su ba. Alkama da masarar da ba a cire musu dusa ba, da waken suya, da wasu nau'o'in gero, sun kare su, kuma ya ce sirrin yana cikin ɗan man da ke jikin ƙwayar hatsin. A kan ɓera ya nuna wannan, ba a kan mutum ba, don haka hasashe ne mai kyau kawai. Duk da haka nakan tuna shi in na ga an surfe masara fes an ba tumaki dusar. Abin dariya kuma, taswirar Tovey ta sa ɗanyar ayaba a sahun abincin masu yawan olsa, alhali wani bincike na 1984 a Ingila ya nuna garin ɗanyar agada yana kare ɓera daga asfirin, nunanniya kuwa ba ta yi.

Shin ko kun san barkono ya wanke kansa a gaban ɓera? Tun 1981 masu bincike a Hangari suka nuna sinadarin da ke sa shi yaji, in kaɗan ne, yana ƙara gudun jini a bangon tumbi ya kare shi. Mai gyambo zai ji raɗaɗi in ya ci, wannan gaskiya ne, amma ba barkonon Ɗanja ne ya haƙa ramin ba. Madara kuwa, da aka yi shekaru tun 1915 ana ɗura wa masu olsa ita awa-awa a asibitocin Amurka, sanyi take kawowa na ɗan lokaci, sannan ta zuga tumbi ya ƙaro tsami.

Kanwa fa? Tana kashe tsami nan take, wanda ya jiƙa ya sha don ƙwannafi bai yi ƙarya ba in ya ce ya ji sauƙi. Amma cike take da sinadarin gishiri. A 1974 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry da abokiyar aikinsu, sun bi sawun mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka ga abin ya fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi, inda aka fi riƙo da wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Mai hawan jini ya yi hattara da ita.

Shin ko kun san labarin cewa olsa ciwon manya ne, masu ɗaukar nauyin jama'a, daga wani gwajin birai mai kuskure ya samo gindi? A 1958 Joseph Brady ya zaunar da birai biyu-biyu ana ja musu lantarki, ɗaya yana da maɓallin tsayarwa, ɗayan ba shi da shi. Masu maɓallin suka yi gyambo suka mutu. Jaridu suka ɗauka. Ashe biran da suka fi zumuɗi da saurin koyo aka zaɓa aka ba maɓallin. Da Jay Weiss ya maimaita da ɓeraye ba tare da zaɓe ba, sai abin ya juye: wanda ba shi da ta cewa, bai kuma san lokacin da azaba za ta zo ba, shi ya fi gyambo. 

Dawaki ma suna olsa. Cikin doki ba ya daina fitar da tsami dare da rana, don an halicce shi yana kiwo ba tsayawa. Da aka leƙa cikin dawakin sukuwa a ƙasashen waje, mafi yawansu na da gyambo, kuma omefrazol ake ba su. Masu ɗaure doki a turke su cika masa dawa su rage masa ciyawa, ga naku.

Shin ko kun san an taɓa samun kwaɗo mai renon 'ya'yansa a tumbi? A shekarun 1970 aka gano shi a Kwinsilan ta Ostireliya. Macen takan haɗiye ƙwanta, tumbin ya daina fitar da tsami na kusan mako shida, sannan ta amayo 'ya'ya. Masana olsa suka yi caa. Kafin a gama bincike, a tsakiyar shekarun 1980, kwaɗon ya ƙare a duniya.

Ɓeran gidanmu mai yawan nonuwa, wanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa, shi ma ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Tun shekarun 1950 aka gano a Afirka ta Kudu yana fitar da ƙari a tumbi da kansa, shi ya sa ake kiwon sa don nazarin ciwon. In kun kashe shi a rumbu, kada a ɗauka da hannu.

Shin ko kun san tun 1959 masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a maye gurbin dabba in da hali, a rage yawanta, a sassauta mata wahala? Yau sai kwamitin jami'a ya sa hannu kafin a taɓa ɓera. Mu da addini ya hana mu wasa wuƙa a gaban abin yanka, bai kamata a koya mana wannan daga waje ba. Ɓeraye talatin da aka kashe don binciken da ba za a ɗora komai a kansa ba, asara ce da za a tambaya.

Ba kuma a ce ƙasar nan ba ta iya ɗaukar mataki na gaba, wato bincike a cikin jama'a. A shekarun 1970 Malumfashi ta karɓi wani babban shiri na Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, aka bi ƙauye-ƙauye ana ƙirga masu tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji, aka wallafa jerin rahotanni da sunan garin.

Shin ko kun san baƙin bahaya mai kama da kwalta, ko aman da ya yi kalar dakakken gawayi, jini ne daga tumbi? Ciwo kwatsam da ciki ya sandare ya ƙi taɓuwa kuma alamar ya huje. Waɗannan na babban asibiti ne a daren, ba a jira gari ya waye.

Idan mai mota da lasifika ya tsaya a kasuwa yana cewa maganinsa na olsa "an gwada shi, yana da lambar NAFDAC", ku karɓi kwalbar ku duba. Lambar da ta ƙare da harafin L, rajistar wucin gadi ce ta maganin gargajiya. Abin da aka duba shi ne ko yana da guba, kuma a kan dabbobi aka duba. Doka ta wajabta a rubuta a jikin irin wannan kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Rubutun yakan zo da ƙananan haruffa, a can ƙasa.